Kwana huɗu a kwalekwale tsakanin dorina da giwa: amsoshin tambayoyinku kan Kogin Zambezi

Tun da na dawo daga Zambiya bakina bai huta ba. A majalisarmu ta Samaru bayan La'asar, a ofis, har a wurin wani ɗaurin aure a Tudun Wada sai da aka ja ni gefe: wai da gaske ne ka kwana a tsakiyar kogi, dorina na gurnani a bayan tantinka? Da gaske ne. Aiki ne ya kai ni Lusaka, da aka tashi daga taron sai na ƙara kwana huɗu daga aljihuna, na bi wata 'yar tawaga mai gangara Kogin Zambezi a kwalekwale don kallon namun daji. Mu takwas ne baƙi, sai jagora da mataimakinsa, kwalekwale biyar. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, kusan yadda aka yi su. Wasu amsarsu layi biyu ce, wasu kuwa sai an gyara zama.

Wai ina ne wurin ma tukuna?

Zambezi shi ne na huɗu a tsawo cikin kogunan Afirka, bayan Nilu da Kwango da namu Neja. Ya taso daga arewa maso yammacin Zambiya, ya yi tafiyar kilomita 2,574 kafin ya zuba a Tekun Indiya ta ƙasar Mozambik. Inda muka bi shi ne ƙasa da madatsar ruwa ta Kariba, wadda aka kammala a 1959, inda kogin ya zama iyaka tsakanin Zambiya da Zimbabuwe. In kana gangarawa, hagunka Zambiya ce, nan gandun dajin Lower Zambezi yake, mai faɗin murabba'in kilomita 4,092. Sai a 1983 aka mai da shi gandun ƙasa. Kafin nan keɓantaccen daji ne na shugaban ƙasa, zamanin Kenneth Kaunda. Damanka kuma gandun Mana Pools ne na Zimbabuwe, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 1984. Da harshen Shona, kalmar "mana" na nufin huɗu, saboda wasu manyan tafkuna huɗu da kogin ya bari a baya da ya sauya hanya.

Dabba ba ruwanta da iyaka. Giwa takan faɗa ruwa daga wannan ƙasa ta fita a waccan, ba ka ganin komai sai ƙoƙon kai da hanci a sama. Kai mai fasfo ba ka da wannan gatan. In bizarka ta Zambiya ce, ƙafarka ba ta taka gaɓar dama.

Malam, kayak ne ko kwalekwale irin na masuntan Galma?

Ba ɗaya daga ciki sak. Kayak siriri ne, a ƙasa kake zama ka miƙe ƙafafu, filafilinsa kuma baki biyu gare shi, kana tsoma wannan ka tsoma wancan. Ana hawan irinsa a saman kogin, kafin ruwan ya faɗa a Victoria Falls. Inda muka bi kuwa buɗaɗɗen kwalekwale ake amfani da shi, mai tsawon kamar ƙafa 18, na mutum biyu, kaya a tsakiya, filafili mai baki ɗaya. Ba na katako ba ne irin na masuntanmu, na wata roba ce mai tauri, mutum biyu sa iya jan shi kan yashi ba wahala. Na gaba aikinsa tuƙi kawai, na baya shi ke riƙe da akala. Shawarata, in kai da matarka za ku je, ku yanke wanda zai zauna baya tun a gida. Na ga wasu Turawa mata da miji sun wuni ba sa magana saboda wannan.

Ban iya iyo ba, ban taɓa riƙe filafili ba. Zan iya?

Tuƙin ba shi ne matsala ba. Ruwa ne ke ɗauke da kai, kai dai ka daidaita hanci. Kafin a tashi jagora yakan koya muku a bakin gaɓa, zuwa azahar ɗin ranar farko hannu ya faɗa, sai dai kafaɗa ta gaya maka da dare. Rashin iya iyo kuwa kada ka ɓoye shi. Ka faɗa tun kana cike takarda, domin wasu kamfanonin ba sa ɗaukar wanda bai iya ba, wasu kuma sukan haɗa ka kwalekwale ɗaya da jagora.

Rigar kariya daga nitsewa ba ado ba ce, kuma ba matashin zama ba ce. Ka sa ta, ka ɗaure igiyoyinta tam. Mu da muka ji abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen 2021, jirgi ya kife da yara 'yan makarantar Islamiyya, bai kamata a ce sai an roƙe mu mu sa wannan riga ba.

Dorina fa? An ce ta fi zaki kisa.

Nan ne maganar take. Yawancinmu a Zariya dorinar da muka sani ita ce ta hannun malamin allo ko ta dogari, wato bulalar da ake yi da fatarta. Mai fatar kuwa, namijinta yakan kai kilo 1,500, kuma duk ƙibar nan in ya fito tudu ya fi ka gudu. Ba nama take ci ba, ciyawa take kiwo da dare, ta wuni cikin ruwa. Faɗanta na kare muhalli ne da kare ɗa. Tana iya nutsewa ta yi minti biyar ba ta ɗago ba, saboda haka ruwan da ka gani shiru ba shaida ba ce cewa ba kowa.

Dabarar jagorori ta tsaya kan abu ɗaya da suka sani game da halinta: in ta tsorata, ruwa mai zurfi take nufa. To kada ka kuskura ka shiga tsakaninta da zurfi. Shi ya sa ake bin gefe-gefe inda ruwa bai wuce gwiwa ba, a layi ɗaya, jagora a gaba, ba mai wuce shi. Yana tafe yana ƙwanƙwasa jikin kwalekwale da filafili, ƙwan, ƙwan, ƙwan. Da farko na ɗauka korarsu yake yi. Ashe sallama ce. Sai ka ga kawuna na ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, kunnuwa na kaɗawa, shi kuma yana ƙirga su, yana lura da wadda ta koma ƙasa ba ta sake fitowa ba. Garken ba shi ya fi damunsa ba. Wanda yake tsoro shi ne tsohon namiji da 'yan'uwa suka kora, yana zaune shi kaɗai a wani lungu da raunuka a baya, sai kuma uwa mai ɗanyen goyo.

Rana ta biyu muka shiga wani siririn reshe na kogin. Jagora ya ɗaga hannu, kowa ya kama ciyawar bakin gaɓa ya tsaya. Muka yi ta zama. Rana na dukan ƙeya, ƙuda na damu, gabanmu ruwa lumui kamar an shimfiɗa tabarma. Da abin ya kai minti ashirin sai halinmu na Zazzagawa ya motsa, na ce masa, ranka ya daɗe, ai ba komai a nan, me muke jira? Ko waiwayowa bai yi ba, yatsa kawai ya ɗora a baki. Ban rufe nawa bakin ba ruwan ya tsage daidai inda za mu bi, wani ƙaton kai ya fito yana feso ruwa ta hanci, ya wangame baki, haƙoran ƙasa kamar tsawon damtsena. Sai da ya gama kallonmu ya gangara zurfi, sannan muka lallaɓa ta gefe, ba mai ko tari. Da yamma na tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ya ce wancan makon ma a nan ya bar shi, kuma ya ga sabon sawu ya shiga ruwa bai ga inda ya fita ba. Tun daga ranar ban ƙara yi masa gardama ba. Baƙo ko da idonsa makaho ne.

In kwalekwalen ya kife fa?

Abin da aka gaya mana shi ne: in iska ko gangancinku ne ya kifar da ku, ku riƙe kwalekwalen, ku ɗaga jiki bisa shi gwargwadon iko har jagora ya iso. In dorina ce ta buge shi, ku rabu da shi, domin shi take faɗa da shi ba ku ba, ku nufi tudu mafi kusa ba tare da fantsama ruwa da ihu ba. Mu dai Allah ya tsare, ba wanda ya kife. Ni ne ma na kusa jawo mana, iska ta ɗauke mini hula na miƙa jiki zan cafko ta. Abokin tuƙina ya daka mini tsawa da wani harshe da ban sani ba amma na fahimta sarai. Hular tana Mozambik yanzu.

Kada fa? Ai mu 'yan jihar kadduna ne, mun saba.

Sunan muka gada, sabon ba mu gada ba. Kuma kadan da ake gani a wasu tafkunan Afirka ta Yamma, wanda har yara ke wasa kusa da shi, masana sun tabbatar jinsinsa dabam ne da na Zambezi. Na can ya fi girma, yakan haura mita 4, kuma mutum abinci ne a wurinsa. A cikin kwalekwale bai cika damun kowa ba, da ya hango ku yake sulalewa daga kan yashi ya shige ruwa. Haɗarinsa a bakin gaɓa yake, da kuma hannun da aka saki yana wasa da ruwa.

Asubar farko na tashi kowa na barci, na ɗauki buta na ga ba ruwa a ciki. Ga kogi nan taku goma. Na naɗe hannun riga, na tsuguna a bakin ruwa kamar yadda na saba yi a rafin garinmu ina yaro, na wanke hannu, na kurkure baki. Ina shirin wanke fuska na ji an damƙi wuyan rigata ta baya an fizge ni, na zube kan yashi. Mataimakin jagora ne, ko takalmi babu a ƙafarsa. Bai ce mini komai ba, tocila ya haska kan ruwan. Jajayen idanu biyu, kamar garwashi, ba su fi tsawon tabarma biyu daga inda na tsuguna ba. Sallar da na yi ran nan ta Asuba, na daɗe ban yi mai natsuwarta ba.

Daga nan kullum da dare sai ya cika mini butata ya ajiye a ƙofar tanti. Shi kansa da bokiti mai igiya yake ɗiban ruwa, yana tsaye nesa, kuma ba ya ɗiba wuri ɗaya sau biyu, don kada yana lura da inda aka saba zuwa. Mai tsugune ya fi mai tsayuwa shiga haɗari, alwala kuwa duk tsugune ce. Don Allah duk wanda zai je ya riƙe wannan ko da ya manta sauran.

To sallah fa, yaya kuka yi?

Ba ta taɓa kama ni a kan ruwa ba. Ana tashi da sassafe, a sauka wani tsibiri kafin rana ta take, a ci abinci a kwanta ƙarƙashin inuwa har zafi ya karye, nan Azahar ke samunka. Kafin rana ta yi ja an sauka inda za a kwana. Matafiyi ne kai, ƙasaru ta halatta, sauran bayani ka tambayi malaminka kafin ka tashi. Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya, ka sauke jadawalin lokutan sallah a waya tun a Lusaka don sabis ɗauke-ɗauke yake yi.

Abin da ya ba ni dariya shi ne alƙibla. Mu nan bakinmu ya saba, fuskantar gabas ita ce sallah. Daren farko na dubi inda rana ta faɗi na juya mata baya na tayar. Sai da na duba na'urar nuna alƙibla a waya na ga ashe daga can Makka tana arewa ne, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas.

Me ake gani wanda ba a gani daga mota?

Dabbobin ɗaya ne, yadda suke karɓarka ne ya bambanta. Mota tana da ƙara da warin mai. Kwalekwale kuwa in ka ɗaga filafili ka bar ruwa ya ja ka, kamar gungumen itace kake. Haka muka wuce wani toron giwa yana tsaye a bakin gaɓa yana tumɓuke ciyawa, yana kaɗe ƙasar a gwiwarsa kafin ya kai baki. Daga ƙasa kake kallonsa, ka ɗaga kai kamar mai kallon bene. Ina jin kukan cikinsa, ina ganin gashin idonsa. Akwai ɓauna kwance cikin taɓo da balbela a gadon baya, gwambaza, mazo, mugun dawa, gwaggon biri, jakin dawa jefi-jefi, guza na shanya a kan kututture, zalɓe iri-iri har da wani mai tsayin yaro ɗan shekara goma. Raƙumin dawa babu shi a wannan kwari, kada ka sa rai. Karkanda kuwa akwai ta da, mafarautan ƙaho suka ƙarar.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai itace ne. Da muka sauka wani fili na ga manyan itatuwa jere, inuwa lumshi, sai na ji kamar na san su. Na tsinci ɗan da ya faɗo, murɗaɗɗe, ja-ja. Gawo ne! Gawon nan dai na gonakinmu na hanyar Giwa da Soba, mai zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, wanda makiyaya ke kakkaɓo wa awaki 'ya'yansa. A can ma halinsa bai sake ba, kuma shi ke riƙe da dajin in rani ya tsananta. Na ga giwa ta kafa goshi a jikinsa ta girgiza, 'ya'yan suka zubo kamar ruwan sama, kafin ka ce kwabo birai da wasu barewa da suke kira impala sun taru ana kalaci tare. A ɓangaren Mana Pools har akwai wasu toraye da suka shahara da tsayuwa kan ƙafafun baya don su kai ga reshen sama. Na gaya wa jagora sunan itacen da Hausa, ya yi ta maimaitawa yana dariya. Kuka ma tana nan birjik, sai dai yawancinsu giwaye sun ɗaye musu bawo. Da na ce masa mu miya muke yi da ganyenta, cewa ya yi su 'ya'yan suke sha.

Kun ga zaki?

Mun ji shi dare biyu, ba mu gan shi ba. Akwai zaki, akwai damisa, akwai kura da kyarkeci, amma ba wanda zai yi maka alkawarinsu. Mai son ganinsu ya ƙara kwana ɗaya ya shiga mota cikin gandun.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Ka juya kalandarmu. Suna kudu da tsakiyar duniya, saboda haka daminarmu raninsu ce. Daga Mayu zuwa Oktoba ake zuwa. Yuni da Yuli dare da asuba akwai sanyi irin na tsakiyar hunturu, sai da rigar sanyi. Oktoba dabbobi sun fi taruwa a bakin kogi don tafkunan daji sun ƙafe, amma zafin yakan haura digiri 40, ya fi na bazararmu ta Afrilu nauyi saboda kwari ne. Ni a Satumba na je. Lokacin ne wasu jajayen tsuntsaye masu cin ƙudan zuma ke haƙa ramuka ɗaruruwa a bangon gaɓa, in suka tashi gaba ɗaya sai ka ce an watsa barkono a sama. Aibin watan shi ne iska: da hantsi take tasowa ta fuskance ku, ka yi ta tuƙi kana ganin itace ɗaya bai matsa ba. Shi ya sa ake sammako. Daga Nuwamba ruwa ke sauka har wajen Maris, hanyoyi su lalace, masaukai da yawa su rufe.

Af, shamuwar nan da ke zo mana da albishirin damina, in ta bar mu ƙasashen nan na kudu take tafiya ta ci daminarsu. Jagoranmu ya san ta sarai. Sai dai ba ku haɗuwa a can, don lokacin da ya dace ka je, ita tana kan kukokin Zariya.

Yaya, mace za ta iya zuwa? Da wace shiga?

Ƙwarai kuwa, rabin tawagarmu mata ne, ɗaya ma ta haifi kamata. Abin da zan ce miki shi ne, zurmemen hijabi har ƙasa da zani ba na kwalekwale ba ne. In suka jiƙe nauyi suke yi, su nannaɗe ƙafa. Ki sa wando mai faɗi da riga mai dogon hannu har gwiwa, da ƙaramin hijabi wanda za ki cusa cikin rigar kariya, ki ɗora malafa mai igiya. Babban hijabinki ya zauna a jaka don sallah. Ki nemi tantinki ke kaɗai tun wajen biyan kuɗi in ba da maigida za ki ba. Maza ma haka, a bar babbar riga da kufta a Lusaka.

Launi yana da muhimmanci. Ƙudan tsando shuɗi da baƙi yake bi, shi ya sa tarkonsa ma da ƙyallen waɗannan launuka ake yin sa, kuma cizonsa kamar an soka allura mai zafi. A nemi ruwan ƙasa ko ruwan toka ko kakin da ya koɗe. Amma banda mai zanen kayan soja, wannan zai iya haɗa ka da hukuma a ƙasashen biyu. Ƙananan yara kuwa ba a ɗaukarsu wannan tafiya, kowane kamfani da shekarun da ya ƙayyade.

Abincinsu fa, ya ciwu?

Babban abincin ƙasar nshima ne, tuwon masara ne ba ragi ba ƙari, sai dai miyar ba ta kai tamu yauƙi ba. A tafiyar an fi ba da burodi da ƙwai da shinkafa da taliya da shayi. Ka faɗa musu tun da wuri cewa kai Musulmi ne, ba ka cin alade, ba ka shan giya, kuma a raba maka tukunya. Akwai mahautan Musulmi a Lusaka, in an sanar da kamfani da wuri suna iya sayo nama a can. Ni dai na sauƙaƙa wa kaina, na tsaya kan kifi da wake da ganye: karfasa, da wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye na tafkin Kariba da suke kira kapenta. Masu ƙugiya sukan kama tsage, amma ƙa'ida ita ce a ɗauki hoto a mai da shi ruwa. Ka tafi da yajinka, za ka gode mini. Kada dai ka kwana da abinci cikin tanti, kura hancinta ya fi naka.

Ina ake kwana, ina ake zagayawa?

A tsibiri ko kan tudun yashi, cikin ƙaramin tanti mai gidan sauro, da 'yar katifa. Kai za ka kafa abinka, kai za ka naɗe. Jagora ne ke zaɓar wurin, yana kauce wa hanyar da dorina ke bi in ta fito kiwo. Bayan gida kuwa shebur ne da bayan wani ɗan kurmi da jagora ya riga ya duba. Da dare ba a fita sai an tashe shi, ko da kunya za ta kashe ka. Wanka da bokiti, nesa da gaɓa. Mai son gado da fanka akwai masaukai na alfarma a bakin kogin, su kan fitar da baƙi tuƙin rabin yini a rassa irin su Chifungulu su dawo da su, amma kuɗinsu ba na malamin makaranta ba ne.

Lafiya fa?

Zazzaɓin cizon sauro yana nan kamar gida, kada ka ce ka saba. Ka ga likita kafin ka tashi. Tsargiya ma akwai ta a ruwan da ba ya gudu, wani dalilin ke nan na barin wanka a kogi. Rana ita ce ta fi kayar da mutane, don tana dukanka ta sama, ruwa kuma na maido maka ita ta ƙasa. Na ɗauka baƙar fata ba ta ƙuna sai da bayan ƙafafuna suka saɓule. Ka sha ruwa tun ba ka ji ƙishi ba. Mai hawan jini ko ciwon suga ya sanar da jagora, ya riƙe maganinsa cikin kwalinsa tare da takardar likita, domin wasu magungunan da muke saye a kemis kai tsaye suna da tsauraran dokoki a kansu. Ka yi inshorar da ta haɗa da ɗauko mara lafiya da jirgin sama, asibiti yana da nisa.

Ta ina ake bi, kuma nawa za a tanada?

Daga Zariya ko dai ka nufi Kano ko Abuja. Ni ta Kano na tashi, na sauya jirgi a Adis Ababa, na sauka filin jirgin Kenneth Kaunda a Lusaka. Daga nan mota ce zuwa Chirundu, garin kan iyaka, tafiyar da ba ta kai daga nan zuwa Kano ba, sai dai gangaren tsauni ne cike da tireloli. Ka gama maganar biza ta shafin hukumar shige da ficen Zambiya kafin ka sayi tikiti, ka riƙe katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, za a tambaye ka shi. Kuɗinsu kwacha ne, amma harkar yawon buɗe ido da dala ake lissafinta. Tafiyar tanti ta kwana uku ko huɗu ɗaruruwan daloli ce ga mutum ɗaya, masaukan alfarma kuwa akwai waɗanda kwana ɗaya ya haura dala 1,000. Ka tambaya ko kuɗin shiga gandu da na mota daga Lusaka suna ciki. Ka kuma ware abin da za ka ba jagora da mataimakinsa a ƙarshe. Wanda ya fizge ni daga bakin kada, ko nawa na ba shi ban biya shi ba. Zikomo ita ce na gode da harshen Nyanja, ka riƙe ta.

Yaya zan gane kamfanin kirki?

Jagoran za ka bincika, ba hotunan da suka sa a intanet ba. Yana da lasisin jagorancin kwalekwale? Shekara nawa yana bin wannan yanki na kogin? Baƙi nawa yake ɗauka a tafiya ɗaya? Akwai rediyo ko wayar tauraron ɗan'adam, da akwatin agajin gaggawa? In suka fara kwana-kwana, nemi wasu.

Ga kuma inda ni aka yi mini rufa-rufa. Tallar da na gani cewa ta yi tafiya cikin gandun ƙasa. Ashe yawancin kwanakin a yankin Chiawa za mu yi su, wanda ke maƙwabtaka da gandun, inda akwai ƙauyuka da gonaki da masaukai a farkon hanya. Sai a ƙarshe muka kai bakin Kogin Chongwe, inda gandun ya fara. Dabbobi mun gani har mun gode Allah, amma da an faɗa mini gaskiya da na san abin da na saya. Ka sa su rubuta maka inda za a shiga ruwa, da inda za a fita, da inda za a kwana kowane dare.

Duk wannan wahala da kuɗi, ba mu da irinsa a gida ne?

Wani dattijo ne ya yi mini wannan tambaya, kuma ta yi mini ciwo don yana da gaskiya. Muna da Yankari a Bauchi, da giwayenta da ruwan Wikki mai ɗumi, amma a mota ake zagaya ta. Muna da Gashaka Gumti a Taraba da Adamawa, mafi girma a ƙasar nan, mai koguna da tsaunuka da birai masu kama da mutum. Muna da gandun Tafkin Kainji, da dorina a Kogin Oli, wanda da shi ya fi cancanta da irin wannan tafiya. Kamuku ma tana nan cikin jiharmu, a Birnin Gwari. Amma kowa ya san abin da ya hana mu shiga dazukan nan biyu na ƙarshe a 'yan shekarun nan, ba dorina ba ce. Matuƙa kuwa ba mu rasa ba. Wanda ya taɓa ganin Sarkawa a kan ruwa, ko tseren kwalekwale a bikin kamun kifi na Argungu, ya san ba a fi mu hannu ba. Abin da suka fi mu shi ne sun mai da sanin kogi sana'a mai jarrabawa da lasisi da albashi, kuma an tsare dajin. Su ma ba a kwance suke ba: shekaru aka yi ana ja-in-ja kan wani kamfani da ya so haƙar tagulla a tsakiyar gandun, sai a 2023 gwamnati ta taka masa birki.

Mai son gwada hannunsa kafin ya kashe dala, ya samu masunci a Galma da rani, ya biya shi ya koya masa zama da riƙon filafili, da rigar kariya a jikinsa. Da damina kuwa kada ya soma.

Me ka kawo mana tsaraba?

Kafin in tafi, wani kawuna ya aiko a gaya mini in taho masa da kashin giwa na hayaƙi, in da hali da ɗan kitsen zaki. Wani abokina kuma carbin haure yake so. Ba a fita da komai daga gandu, ko ƙashi ko gashi ko ɗan gawo. Hauren giwa kuwa an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, kama ka da shi ɗauri ne a can, a nan ma haka. A farkon 2024 a Abuja, sai da gwamnatinmu ta niƙe tarin haure da aka ƙwace. In wani ya raɗa maka a kasuwa cewa yana da shi, ka ƙara sauri.

Atamfarsu da suke kira citenge na sayo wa uwargida da ƙannena a Lusaka, sai zuma kwalba biyu. Kawu na ba shi kwalba ɗaya. Ya karɓa, ya sa albarka, amma har yau duk ran da muka haɗu a Ƙofar Doka sai ya tambaye ni ko giwayen can ba sa kashi ne.